Yadda Ake Mayar Da Waƙar Ingila Ta Bariton Da Fiyano Zuwa Okestira

Daga wajen 1900 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, masu tsara kiɗa a Ingila sun yi tashen wani salo da har yau ake cika zaure domin sa. Mutum zai ɗauko rubutacciyar waƙar wani sha'iri, ya sa mata kari, ya rubuta wa fiyano abin da zai raka ta da shi, shi ke nan. Ɗaya na rerawa, ɗaya na kaɗawa. Da dama daga cikin waɗanda suka fi fice an yi su ne domin bariton, wato muryar namiji ta tsaka-tsaki, wadda ba ta kai tena siranta ba, ba ta kuma kai bas kauri ba. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda ake ɗaukar irin wannan waƙa a raba aikin fiyano ɗaya ga makaɗa 30 ko 40, ba tare da an binne mawaƙin da ransa ba.

Ba sabon aiki ba ne. Ralph Vaughan Williams ya gama jerin waƙoƙinsa na Songs of Travel a 1904, ya mayar da uku daga ciki zuwa okestira da hannunsa, sauran shidan kuma sai bayan rasuwarsa a 1958 mataimakinsa Roy Douglas ya ƙarasa su. Gerald Finzi ya yi wa waƙoƙinsa biyar na Let Us Garlands Bring, waɗanda aka fara rerawa a Landan a 1942, siga biyu: ta fiyano da ta kayan tsirkiya zalla. A zamaninmu, mawaƙin bariton Roderick Williams ya tsara wasu da kansa, ya rera su tare da okestirar Hallé ta Manchester ƙarƙashin jagorancin Mark Elder. Misalin da zan fi dogara da shi a nan shi ne waƙoƙi shida da George Butterworth ya yi a 1911 a kan baitocin A. E. Housman na A Shropshire Lad, domin siraran waƙoƙi ne da ba su jure kwaɗayin mai tsarawa.

Mataki na farko: izini

Kafin ka rubuta ko ɗigo ɗaya, bincika ko kana da hurumin taɓa waƙar. A Birtaniya haƙƙin mallaka yana nan har ƙarshen shekara ta 70 bayan rasuwar mai aikin, kuma waƙa masu ita biyu ne: mai kari da mai baiti. Butterworth ya faɗi a fagen daga na Somme a Faransa a watan Agustan 1916, Housman ya rasu a 1936, don haka nasu ya zama na kowa. Na Finzi, wanda ya rasu a 1956, yana buɗewa ne a farkon 2027, na Vaughan Williams a farkon 2029. Sea Fever ta John Ireland kuwa da sauran jira, domin shi ya rasu a 1962, mai baitocin, John Masefield, a 1967. Wanda bai buɗe ba a ƙasar da za a kaɗa shi, sai ka rubuta wa kamfanin da ya buga shi ka nemi izini a rubuce. Wasu kan yi aikin wata uku kafin su tambaya, a ce musu a'a, wahala ta tashi a banza.

Mataki na biyu: baitoci kafin kari

Ajiye takardar kiɗan gefe tukuna. Ɗauki baitocin kaɗai ka karanta su da ƙarfi, har ka san wa ke magana, da wa yake yi, kuma a ina labarin ya juya. Sa alama a kan kalma ɗaya ko biyu a kowane baiti waɗanda in mai sauraro bai ji su ba, waƙar ta tafi a banza.

Akwai abin da kunnen Bahaushe ya kamata ya kula da shi musamman. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa mawaƙinmu kan ja ƙarshen kalma yadda ya ga dama kuma a ji shi sarai. Turanci ba haka yake ba. Kalmominsa kan ƙare da baƙi, wani lokaci biyu ko uku a cunkushe, kuma a wannan ɗan wutsiyar ma'ana take rataye: ita ke nuna jam'i ne ko tilo, an riga an yi ko yanzu ake yi. Waɗannan baƙaƙe ba su da ƙarfi, ɗan huci ne kawai a bakin mawaƙi. In ka sa okestira ta faɗo da sabon sauti daidai lokacin da yake rufe kalma, ka haɗiye ta. Don haka tun yanzu ka ja layi a ƙarƙashin duk inda jimla ta ƙare da irin wannan baƙi, ka ƙudurta cewa makaɗa za su ɗan jinkirta ko su shigo a hankali a wurin.

Mataki na uku: san inda muryar take zaune

A nan gizo ke saƙar. Ana kiran sautuka da haruffa daga A zuwa G, lambar da ke biye kuma tana nuna hawa ko sauka. C4 shi ne sautin tsakiyar fiyano. Bariton yakan yi aiki ne daga wajen A2, mai karkarwa 110 a daƙiƙa, zuwa F4 ko G4. To duba su wa ke zaune a wannan unguwa: celo da fiyola (manyan 'yan'uwan fayolin, wato gogen Turawa), da kayan busa irin su basun, hon, tarambon, da ƙasan kilarinet. Kusan rabin okestira ke nan, kuma su ne masu daɗin murya da hannun mai tsarawa ke ƙaiƙayin amfani da su. Mace mai siririyar murya tana shawagi ne a saman makaɗa, ko sun yi yawa ana jin ta. Bariton kuwa a tsakiyar cikinsu yake.

Abin da ke cetonsa shi ne wani ƙyalli da horarriyar murya ke fitarwa a wajen karkarwa 2,500 zuwa 3,000 a daƙiƙa, wanda masanin murya ɗan Suwidin Johan Sundberg ya yi bayaninsa tun shekarun 1970. A wannan yanki ƙarfin okestira ya riga ya ragu, sai muryar ta sami kafar ɓullowa. Amma wannan ƙyalli yana fitowa ne sosai idan mawaƙi ya buɗe murya. In yana rera abu a hankali, ko yana can ƙasa, ba shi da wannan garkuwa.

Saboda haka raba layin mawaƙin gida uku da fensir mai launi. Daga A2 zuwa wajen D3 muryar tana da zurfi amma ba ta tafiya nesa. Nan sai ka kwashe kusan kowa, ka bar 'yan tsirkiya kaɗan. Daga nan zuwa wajen B3 ita ce muryar magana, inda kalmomi suka fi fita; ana iya raka ta da kyau muddin ba a zauna mata a kai ba. Daga C4 zuwa sama murya ta yi ƙarfi, tana iya ɗaukar hon da cikakkiyar tsirkiya. Sai dai a wajen E4 yawancin masu bariton ke sauya yadda suke fitar da murya, kuma wuri ne mai santsi. In mai waƙar ya nemi a rera shi a hankali, kada ka tilasta wa mawaƙi ihu domin ya tsallake kiɗanka.

Tun a wannan mataki ka zauna da mawaƙin ku tsayar da ma'aunin da za a rera waƙar a kai, wato tsayi ko zurfin sautin da za a ɗora ta. Irin waɗannan waƙoƙi akan buga su a ma'auni biyu ko uku, na sama da na ƙasa, kuma mai fiyano yana iya sauyawa cikin dare ɗaya. Okestira ba ta haka. Fayolin ba ya sauka ƙasa da G3, fiyola C3, celo C2, sarewa C4. Ka gama aiki sannan mawaƙi ya ce a sauke masa da taki ɗaya, sai ka tarar layuka da dama sun faɗa inda kayan ba su kaiwa.

Mataki na huɗu: yawan makaɗa

Shawarata ita ce ƙaramar okestira: sarewa ɗaya ko biyu, obo ɗaya wanda zai iya ɗaukar babbar 'yar'uwarta mai zurfin murya da ake kira kor angile, kilarinet biyu, basun ɗaya ko biyu, hon biyu, haf (babban kayan tsirkiya da ake tsinka da yatsu), sai tsirkiya kamar fayolin na ɗaya 8, na biyu 6, fiyola 4, celo 4, babban bas 2. Tarampet da tarambon da ganguna sai in waƙar da kanta ta kira su. Waƙoƙin teku na Charles Villiers Stanford na 1904 sun kira su, domin labarin jiragen yaƙi ne da jarumai. Na Butterworth ba su kira su ba. Kuma ka tuna duk kayan da ka ƙara, albashin mutum ɗaya ka ƙara wa masu shirya taro. Tsarin da ke neman makaɗa 70 sau da yawa a aljihun tebur yake tsufa.

Mataki na biyar: kwance rubutun fiyano

Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya ba fayolin abin da hannun dama ke kaɗawa, ya ba celo na hannun hagu, ya ce ya gama. Abin da ke kan takardar fiyano ba shi ne abin da kunne ke ji ba, kuma abin da kunne ke ji shi za ka tsara.

Dalili na farko feda ce. Mai fiyano yana taka fedar dama, sautukan da ya riga ya saki su ci gaba da amo a ƙarƙashin sababbi. A takarda za ka ga ɗigo ɗaya gajere a ƙasa, amma a kunne yana nan har ƙarshen gaɓar, wato ɗan yankin da ake rarraba takardar kiɗa da shi. Okestira ba ta da feda. In ba ka ba wani ya riƙe wannan sauti ba, kiɗan zai fito a bushe, da ramuka. To a kowace gaɓa tambayi kanka: waɗanne sautuka ne feda ke riƙewa? Su za ka ba hon biyu, ko fiyola da celo, ko kilarinet, su ja su a hankali, motsin kuma ka ba haf ko wani sashe na fayolin. Waƙa ta biyu a Songs of Travel misali ce mai kyau: fiyano na ta zuba sautuka ɗaya bayan ɗaya kamar ruwa. Haf zai yi wannan ba wahala, amma shi kaɗai ba zai ƙosar ba, sai an shimfiɗa masa dogon sauti a ƙasa.

Dalili na biyu kishiyar na farko ne. Sautin fiyano yana fara mutuwa tun daga lokacin da aka buga shi. Wannan mutuwar ita ce ke buɗe wa mawaƙi fili ba tare da kowa ya shirya ba. Fayolin da hon kuwa suna riƙe sauti da ƙarfinsa har sai an ce su bari. In ka kwafi dogon sauti daga fiyano ka miƙa musu yadda yake, abin da ya kasance inuwa ya zama bango. Maganin shi ne ka rubuta mutuwar da hannunka: a buga da ɗan ƙarfi, nan take a koma ƙasa. Wata dabara ita ce a raba aikin biyu, haf ko tsirkiyar da aka tsinka da yatsa su ba da bugun farko, wasu 'yan kaɗan su riƙe amon a hankali.

Dalili na uku tazara ce. Hannun mutum ba ya wuce sautuka tara ko goma, don haka mai rubuta wa fiyano yakan cunkushe sautuka a hannun hagu, ya bar rami a tsakiya. A okestira cunkoso a ƙasa laka yake zama. Ƙa'idar ita ce tazara mai faɗi a ƙasa, matsattsiya a sama. Ga kuma inda bariton ya sauya lissafi: ramin nan na tsakiya da littattafan koyarwa ke cewa a cike, kai kada ka cike shi duka, domin nan ne mawaƙinka zai tsaya. Sa bas da celo a ƙarƙashinsa, sa fayolin da sarewa a samansa, ka bar masa tsakiya.

Da haf kuma a yi hattara. Tsirkiyarsa 47 ce, fedarsa 7, kowace feda tana juya duk tsirkiyoyi masu suna ɗaya a lokaci guda. Abin da yatsun mai fiyano ke yi cikin sauƙi na sauya sautuka rabi-rabi da sauri yana iya gagarar mai haf. Nuna masa takardarsa tun aiki bai yi nisa ba.

Mataki na shida: zana taswira kafin cikawa

Kada ka fara da gaɓa ta ɗaya ka cika duk layuka ka wuce ta biyu. Ɗauki jerin gaba ɗaya ka rubuta a takarda guda wane launi kowace waƙa za ta ɗauka, ina ne ƙololuwar ƙarfi, kuma wane kaya za ka ɓoye sai can gaba. Kayan da aka ji tun farko ya rasa kwarjininsa.

Ga yadda zan bi da shidan Butterworth. Ta farko, wadda saurayi ɗan shekara 20 ke kallon itacen ceri cikin fure yana lissafin shekarun da suka rage masa, tana buɗewa da layi ɗaya tak mai gangarowa, babu rakiya. Kaya ɗaya zai ɗauke shi, kilarinet ko sarewa, kuma kada ka ji tsoron shirun da ke kewaye da shi. A nan muna da sa'ar da ba kasafai ake samu ba: Butterworth da kansa ya ɗauki wannan kari ya gina kiɗan okestira zalla a kansa, wanda aka fara kaɗawa a bikin Leeds a 1913 ƙarƙashin Arthur Nikisch. Nemi takardarsa ka duba yadda yake amfani da tsirkiya mai takunkumi (ɗan abin da ake maƙala wa kayan tsirkiya domin dushe sautinsu) da kilarinet. Ba kwafa za ka yi ba, kunnen mai abin za ka koya.

Ta biyu karin gargajiya ne mai sauƙi, tsirkiya kaɗai ta ishe ta. Ta uku tana tafiya da bugu biyar a gaɓa, abin da ke sa ta ɗan tangaɗi. Kada ka sa bas ya riƙa dukan kowane bugu kamar mai ƙirga kuɗi, bar ta ta yi lilo. Ta huɗu ita ce mai zafi, ta shagali da "kada ka yi tunani", kuma nan ne kaɗai zan saki hon da dukkan masu busa. Ta biyar, ta samarin da suka taru a kasuwar baje-koli ta Ludlow waɗanda wasunsu ba za su tsufa ba, kalmominta suna gudu da yawa, don haka rakiya ta zama 'yar taɓawa, makaɗa su yi maganarsu a tsakanin baitoci. Duk wanda ya saurari makaɗan fada ya san tsarin: in uban waƙa na magana 'yan amshi sukan saurara, sai ya ajiye su karɓa. Haka okestira za ta yi a waƙar nan, da ma yawancin sauran.

Ta shida ita ce gwajin gaske, kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Hira ce tsakanin mamaci da abokinsa da ke raye, mawaƙi ɗaya ke yin muryoyin biyu. Mamacin ya yi tambaya huɗu: dawakansa na huɗa har yanzu? Samari na buga ƙwallo a bakin kogi? Budurwarsa ta daina kuka? Abokinsa fa, ya sami wurin kwana mai daɗi? Kowace tambaya da kari iri ɗaya, a hankali ƙwarai. Kowace amsa da ƙarfi. A amsar ƙarshe ne ake gane cewa abokin shi ya gaje budurwar. Fiyano ba ya yin komai sai 'yan dunƙulallun sautuka, kuma jarabar da ke kama mai tsarawa ita ce ya yi wa kowace tambaya ado daban, ya ƙara karkarwar tsirkiya da gangar tsoro. A ganina wannan ɓata waƙar ne. Ƙarfinta yana cikin rashin sauyawar mamacin: shi yana nan inda yake, duniya ce ta wuce. Don haka zan ba tambayoyin huɗu launi guda, fayolin da fiyola 'yan kaɗan, da takunkumi, ba tare da karkarwar yatsa ba, a saman muryar, babu bas ko kaɗan, yadda za a ji kamar ba su taka ƙasa ba. Amsoshin su ne za su riƙa sauyawa. Ta farko cikakkiyar tsirkiya da bas, ta biyu a ƙara basun da hon saboda hayaniyar fili, ta uku a sassauta, a bar kilarinet ya ɗan yi ɗumi, domin abokin ya fara kame-kame. Ta huɗu a ba shi ƙarfi a farkon jimla, sannan a janye kowa kafin kalmomin ƙarshe, ya faɗe su kusan shi kaɗai. In akwai kor angile, nan zan fara fito da ita, a 'yan sautukan rufewa, bayan an yi waƙa biyar ba a ji ta ba.

Wani abin lura: takunkumin tsirkiya yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin a sa ko a cire. Tunda tambaya da amsa suna bin juna ba hutu, raba makaɗan gida biyu, kujerun baya su zauna da takunkumi tun farko har ƙarshe su zama muryar kabari, na gaba su zama ta masu rai.

Mataki na bakwai: bin layin mawaƙi

Sau da yawa fiyano yana kaɗa karin da mawaƙi ke rerawa. Kada ka ɗauka dole ne okestira ta yi haka. Celo ko basun ko hon da ke bin bariton a sauti ɗaya suna narkewa da muryarsa, su shafe bakin kalmomi, kuma su ɗaure shi: ba zai iya jan wata kalma ko gaggauta wata ba sai an ji saɓani. In lallai ana son bi, a yi shi da tazarar oktaf ɗaya a sama (kamar daga C3 zuwa C4), da sarewa ko fayolin kaɗan, kuma a ɗan gajeren wuri. Obo yana da kaifin da ke jan kunne daga kalmomi, don haka ya fi amfani a inda mawaƙi ya yi shiru.

Wajen alamun ƙarfi, rubuta wa makaɗa mataki ɗaya ƙasa da na mawaƙi, masu hon mataki biyu. Amma rage yawan masu kaɗawa ya fi rubuta alamar "a hankali" tasiri, domin mutum 40 da ke kaɗawa a hankali har yanzu mutum 40 ne. Kuma duk inda kiɗa zai kumbura, jinkirta kumburin okestira har mawaƙi ya kama sautinsa na sama ya zauna a kai. Inda ake son madugu, wato jagoran okestira, ya bi numfashin mawaƙi, rubuta colla voce, ma'ana a bi murya, a takardar kowa, ba a tasa kaɗai ba.

Kafin ka ci gaba, nemi takardar Five Mystical Songs na Vaughan Williams, wanda aka fara rerawa a Worcester a 1911, ka bi ta da fensir kana sauraro. Ƙirga kaya nawa ke kaɗawa a duk lokacin da bariton ke rera sabon baiti, ka kwatanta da lokacin da ya yi shiru. Darasin da ke cikin wannan ƙirga ya fi na babi guda na littafi.

Mataki na takwas: rubutawa da fitar da takardu

Manhajar MuseScore kyauta ce kuma ta isa wannan aiki. Cikakkun sigogin Sibelius da Dorico na kuɗi ne. Kowacce ka ɗauka, kada ka yarda da abin da take kaɗa maka a lasifika wajen auna ƙarfi. A kwamfuta sarewa a ƙasan muryarta tana fitowa daram, a zaure kuwa ɓacewa take yi. Hon a kwamfuta yana da ladabi, a zaure yana cika ɗaki. Kwamfuta kuma ba ta numfashi, don haka bi layin kowane mai busa ka rera shi da bakinka, inda numfashinka ya ƙare ka san nasa ma ya kusa.

Duba kayan da ake rubuta musu daban da yadda suke fita. Hon da kor angile ana rubuta musu sauti na biyar sama da abin da za a ji (a rubuta G a ji C), kilarinet kuma ya danganta da irin wanda aka ɗauka, babban bas yana fita oktaf ɗaya ƙasa da rubutu. Manhaja tana yin wannan da kanta, amma a duba da ido.

A takardar kowane makaɗi sa lambar gaɓa a farkon kowane layi, ka tsara juya shafi ya faɗo inda yake hutu. Inda ya daɗe yana jira, rubuta masa layin mawaƙi da ƙananan ɗigo tare da kalmomin, gaɓa biyu ko uku kafin shigarsa. A irin wannan waƙa da lokaci ke miƙewa yana tsukewa, ƙirga kaɗai ba ta kai mutum. Da kunne ake shiga.

Mataki na tara: ranar gwaji

Zaman gwajin okestira a Ingila yawanci awa 3 ne, kuma waƙoƙinka ba su kaɗai ne a jadawali ba, ƙila rabin awa za a ba ka. Tun kafin ranar, ka sa mawaƙi ya rera da fiyano kana bin takardarka, ka gyara duk inda ya ɗauki numfashi a wurin da ba ka zata ba. Ranar kuma kada ka tsaya kusa da madugu. Je ka kujerun baya, ka rufe takardar baitoci, ka ga ko za ka iya tsintar kowace kalma da kunne kawai. Faifan da ka saba ji kada ya ruɗe ka, domin a can makirufo ne ke ɗaga mawaƙi. A zaure babu mai ɗaga shi sai kai.

In kalma ta ɓace, bi wannan tsari wajen gyara. Fara da neman wanda ke kaɗa sauti ɗaya da mawaƙi, ka cire shi ko ka ɗaga shi oktaf. In bai isa ba, rage yawan masu tsirkiya a wurin zuwa rabi. In har yanzu da saura, gajarta dogayen sautukan masu busa su zama bugu da saki. Roƙon makaɗa su sassauta shi ne na ƙarshe, domin za su yi a gwaji, daren taro kuma in jini ya ɗau zafi su koma yadda suka saba. Tara gyare-gyarenka ka miƙa wa madugu a lokacin hutu, da lambar gaɓa da sunan kaya, maimakon tsayar da kiɗa kowane minti.

Bayan taro karɓi takardun makaɗa kafin a goge su. Shugaban masu fayolin zai sa alamun inda baka ke hawa da sauka, mai haf zai rubuta fedojinsa, masu busa za su sa inda suka yi numfashi, wani ma zai kewaye sautin da ya ga kuskure ne. Kwashe waɗannan duka ka shigar a babbar takarda, ka rubuta a shafin farko sunan mai baiti, mai kari, naka a matsayin mai tsarawa, jerin kayan da ake bukata, ma'aunin kowace waƙa da tsawon mintunanta, sannan ka fitar da sabon bugu domin okestira ta gaba.